Yadda Muka Bi Jujin Kakana Har Sabuwa

Gara in faɗi laifina da kaina tun kafin wani ya riga ni. Ku 'yan ɗakinmu na makaranta da kuka dame ni da tambayar inda na je da hutu, kun san bakina bai iya faɗin abu daidai girmansa ba. To wannan karon bakin ne ya jawo mana tafiya.

Ga yadda aka yi. Ina zaune a ƙofar gidanmu a Ƙanƙara sai ga duba-gari, ma'aikacin tsafta, a kan sabon babur, kakinsa ya sha guga. Ya tsaya, ya nuna jujin da ke jikin katangarmu ta bakin hanya, ya tambaye ni na wane ne. Na ce na kakana ne. Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Sai na ƙara da cewa jujin ya girmi babana, in ka hau samansa kana hango Funtua, kuma akwai jakin da ya taɓa hawa ba a sake ganinsa ba sai bayan Sallah. Mutumin bai ko murmusa ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "To, da shi za a fara."

Saboda 'yan birni da ke cikinmu, bari in yi bayani. Juji a wurinmu ba abin yarwa ba ne. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, duk nan ake tarawa shekara guda. In bazara ta yi sai a ɗora mangala a kan jaki a kwashe shi zuwa gona, shi ne takin da dawa za ta ci. Jakin kakana ya mutu da rani, don haka namu na nan tsaye, ga damina ta matso, tsoho kullum cikin lissafin wanda zai ara masa jaki yake.

Da kakana ya fito ya tambaye ni abin da mai babur ke nema, ban san amsar ba, amma ban taɓa barin tambaya ta tafi haka nan ba. Na ce, "Baba, gwamnati ta yi kuɗi. Yanzu ita ke kai wa mutane taki gona." Kuma ni kaina rabin zuciyata ta yarda. A 'yan shekarun nan an gina mana sababbin ajujuwa, an kawo famfo, kome ka tambaya a ce kuɗin man fetur ne. Kakana ya ce shi dai En'e, hukumar da ya sani a da, karɓa take yi, amma in zamani ya canza ba zai ja da shi ba.

Ranar da tifa ta zo, wata mai ruwan ɗorawa da ƙofa ɗaya ɗaure da igiya, kakana da kansa ya karɓi shebur. Kakata ta dama wa leburori fura har ƙwarya biyu. Maƙwabta suka yi cirko-cirko suna kallo da hassada, wasu suka kewaye duba-gari suna roƙon a sa su a gaba. Tifa ɗaya ta cinye jujin tas, abin da ya nuna ba a hango Funtua daga samansa. Aka tura ni da gudu in tsaya a kwanar gonarmu in nuna wa direba inda zai juye. Na tsaya ina ɗaga hannu iya ƙarfina. Direba ya ɗaga mini nasa hannun cikin fara'a, ya wuce kudu.

Duba-gari da muka same shi ya ce majalisar ƙaramar hukuma ce ta yanke shawara a kawar da duk jujin da ke bakin hanya don gari ya yi kyan gani. Shi aikinsa ya nuna, inda ake kaiwa kuwa sai a tambayi ɗan kwangila, kuma ya ji ana cewa motarsa tana kwana Faskari. Kakana ya dube ni ya ce, "Kai ka kira ta, kai za ka raka ni mu maido ta."

Mun tashi da asuba, tsoho da sandarsa da butarsa, ni da ƙullin ƙuli-ƙuli da kakata ta cusa mini a aljihu. A tasha muka sami a-kori-kura mai zuwa Sheme. An loda buhunan gyaɗa, an loda mutane a kan gyaɗa, an ɗora wa mutane kaji. Ni ƙafata ɗaya na cikin mota, ɗayar kuwa sai da muka sauka muka sake gaisawa da ita. Yaron mota ya faɗi kuɗi da naira da kwabo, kakana ya ce a faɗa masa da sule kamar yadda Musulmi ke lissafi. Da aka juya masa, ya ce da wannan kuɗin a da har Kano ana zuwa a dawo da tsaraba.

Bin sawun tifar ba wuya. Duk inda hanya ta yi rami, to jujinmu ya bar alama. Kakana yana leƙawa yana nuna wa fasinjoji da sanda: "Wancan namu ne. Wancan ma." Wata mata ta tambaye ni a hankali ko tsohon na da lafiya. Na ce lafiyarsa lau, gado ne ya ɓace masa.

A 'Yargoje na fara rikicewa sosai. Gari fari fat, kamar an juye masa nono. Duk katangar da ke kallon hanya ta sha farar ƙasa, har da kututturen itatuwa zuwa ƙugu. Da aka tsaya sauke gyaɗa na zaga bayan wani gida don in kama ruwa, sai na ga baya ja ne kamar na kowa, har da tsaga. Wani dattijo mai riƙe da tsintsiyar shafe ya ce mini umarnin ya ce gefen hanya, shi kuwa ba ya ƙara wa hukuma abin da ba ta nema ba. Na ce in ruwan sama ya zo fa? Ya ce ai ruwan bai zo ba tukuna. Wani jaki ya jingina da katanga ya tashi da farin gefe, na kuma tabbata gefen da ke kallon hanya ne.

A Ruwan Godiya an raba gangunan zuba shara, sababbi, koraye, da marfi. Na ga ɗaya a kan amalanke cike da ruwa, na ga wata a rumfar mai shayi an mai da ita teburi. Guda ɗaya ce kawai ke bakin kasuwa inda aka ajiye ta, an ɗaure ta da sarƙa, wani mutum na zaune a gindinta. Na matsa zan jefa ɓawon rake sai ya tare ni da hannu.

"Mi za ka yi?"

"Shara zan zuba, Malam."

"A sabuwar ganga? Wa ya haife ka? Jefa can ƙasa inda kowa ka jefawa."

Na jefa a ƙasa. Kakana ya ce wannan shi ne mutum na farko mai hankali da ya gani tun safe.

Daga Sheme muka hau motar katako zuwa Faskari, rana ta riga ta fara gasa mutane. Duwatsun garin suka bayyana, manya, baƙaƙe, na yi niyyar cewa jujinmu ya fi su tsawo sai na tuna inda irin wannan magana ta kawo ni. A bakin babbar hanya an kakkafa dogayen ƙarafan fitilu, jere gwanin sha'awa, sai dai wutar da za ta shiga cikinsu ba ta iso garin ba. Kowane ƙarfe da akuyarsa a ɗaure. Muka ci waina da miyar taushe wurin wata mata da ke gindin ɗaya daga ciki. Kakana ya ɗaga waina ɗaya yana hango rana ta cikinta, ya ce tun da kuɗi suka yi yawa abinci ya rame. Matar ta ce in ya san inda ake sayar da shinkafar da, ya kai ta.

Tifa ba ta Faskari. An nuna mana wani ofishi, muka tarar da wani malami a baranda yana fifita da kwali. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba kakana kujera, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaya, "Baba, abin nan da aka ɗauka, shara ce ko taki?"

"Taki na," in ji kakana.

"To mu ba mu ba da kwangilar ɗaukar taki ba. Ka ga kenan ba mu ba ne."

Na yi caraf na ce ai shara ce.

"In shara ce, samari, ba ta da mai ita. Wa ya taɓa zuwa ofis neman shararsa?"

Kakana ya ce, "Ni."

Malamin ya yi dariya, ya ƙara da cewa ko ba wannan ba, Ƙanƙara ba ta ƙarƙashinsu, ɗan kwangilar ne ke aiki da hukumomi da yawa. Ya ce shi ma yana da gona, ya san zafin abin, kuma in shi ne mu zai nufi Sabuwa, don kwanan nan duk tifar da ta cika can take zuwa. Abin da ake yi da shi can bai sani ba. Na fito daga wurin ban san ko an taimake mu ba ne ko an kore mu.

Yamma ta yi mana a Tafoki, muka sauka gidan wani tsohon abokin kakana da suka yi zamanin kai auduga kasuwa tare. Ya ji labarinmu ya yi dariya har da tari, sannan ya tashi ya leƙa bayan danga don ya tabbatar nasa jujin na nan. Su ma an kawo musu famfo, amma an cire hannunsa an adana a gidan mai gari kada yara su lalata shi kafin ranar buɗewa. Ranar buɗewar ba wanda ya san ta. Ruwan rijiya muka sha, mai sanyi, da tuwon dawa miyar kuka da man shanu, na ci har kakana ya ce wa mai gida ya yi haƙuri, ba a ba ni abinci a gida sai magana.

Washegari muka kama hanyar Sabuwa. Ba zan ce muku hanya ce ba, gara in ce wuri ne da motoci suka saba bi. Sau biyu muka sauka muka tura. Amma ƙasar ta fi tamu itatuwa, kuma an riga an yi ruwa can, ciyawa ta fara tsirowa, mutane na gonaki da sungumi. Tun daga nan kakana ya daina wasa. Yana kallon masu shuka yana kallon sama ta wajen arewa. Na san abin da yake tunani: in ruwa ya sauka Ƙanƙara kafin taki ya isa gona, bana dawarmu ba za ta kai mu ko'ina ba. Ƙuli-ƙulin da ke aljihuna ya daina yi mini daɗi.

Hancinsa ne ya fara gane wurin. Muna shiga gari ya ɗaga kai ya ce, "Ga shi nan."

A hanyar kasuwa an haƙa ramuka a jere an dasa 'ya'yan bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, kowane an kewaye shi da ƙaya. A tsakiyar mararraba kuma an yi wani kewaye na duwatsu masu farar ƙasa, wai shataletale, don motoci su riƙa zagayawa. Muna tsaye mai keke ya zaga shi sau biyu, ina jin don daɗi. A cikin kewayen leburori na baza taki, wani na bi yana dasa wasu 'yan tsirrai. A gefe ga ragowar tsibin, bai kai ƙuguna ba.

Kakana ya yi sallama ya nemi babbansu. Heluma, wato shugaban leburorin, ya zo yana share gumi.

"Ɗana, wanga taki nawa ne."

"Baba, na hukuma ne. Saye aka yi wurin ɗan kwangila."

"Saye? An biya shi ya ɗauke, an kuma biya shi ya kawo?"

"Ni dai nan na gan shi, Baba. Ina shaidar cewa naka ne? Taki ai duk kamarsa ɗaya."

Kakana ya matsa kusa. Ya soka sandarsa cikin tsibin yana tonawa. Ya fito da ɓarin kaskon kakata. Heluma ya ce kasko kowa na da shi. Ya sake tonawa, sai ga takalmin roba, ƙafar hagu, shuɗi, da ɗinkin zare a maɗauri. Nan take na gane shi. Takalmina ne da na ce an sace a masallaci don a saya mini sabo.

"Sa ƙafarka," in ji kakana.

Na sa. Ya zauna daram.

"To ɓarawon masallaci ma mun same shi," ya ce. "Tahiya ta yi riba."

Leburori suka fashe da dariya, heluma ma ya yi, ya ce ya yarda. Amma ya ce ba shi da ikon ba da ko cikin shebur, don an auna masa, kuma ko ya bayar da me za mu ɗauka? Kakana ya tsuguna gaban 'yan tsirran yana dubawa, ya murza ganye ɗaya ya shinshina.

"Wanga miyar mi ake da shi?"

"Fure ne, Baba. Ba a ci."

"Dabba fa?"

"In dabba ta ci, kama mai ita za a yi."

"To mi ake da shi?"

"Kallo."

Tsoho ya daɗe a tsugune. Takin shekara guda, tokar murhun kakata, wahalar awakinmu, duk ga su an shimfiɗa wa abin kallo, kuma ba wanda za ka kama ka ce shi ne mugu. Kowa da muka tarar yana aikinsa ne da fara'a.

Muna nan sai ga tifa mai ƙofar igiya ta dawo daga rafi. Direba ya leƙo ya washe baki. "A'a, Baba mai fura! Mi ya kawo ku nan?" Ya ce bai taɓa ganin mutanen kirki irin na Ƙanƙara ba: su loda maka da hannunsu, su shayar da kai, har su tura yaro ya yi maka ban kwana a bakin hanya. Yanzu ma can ya nufa, don 'yan unguwarmu sun matsa a zo a kwashe nasu, gobe da hantsi za a fara.

Kakana ya miƙe ya kaɗe riga. "Za ka rage mana hanya?"

"Bisimilla, Baba."

"Sai dai in gaya maka gaskiya tun nan. In na isa, gida-gida zan bi in ce kowa ya kwashe nashi."

Direba ya ɗaga kafaɗa. "Ni tuƙi ne nawa. Ko da kaya ko babu, wata in ya ƙare albashina na nan."

Haka muka dawo, tsoho a gaba kusa da direba, ni a baya inda jujinmu ya zauna, ina riƙe da ƙarfe, kowane rami na jefa ni sama. Muka sake wuce fitilun da ba wuta, da gangar da ba a zuba mata shara, da fararen katangu. A 'Yargoje an ɗan yi yayyafi, farar ƙasar ta fara zubo hawaye.

Bayan la'asar muka iso, kakana ya wuce kai tsaye ƙofar masallacin unguwa. Da farko ba su yarda ba. Maƙwabcinmu ya ce tsoho ya sami nasa ne yana so ya hana wasu. Na buɗe baki zan ba da shaida, sai liman ya ce in dai ni ne shaidar to a tashi. Kakana ya ce in rufe baki, ya ajiye takalmin a gabansu, ya ce su je gonarsa su duba ko akwai taki, sannan su shinshina wannan su gaya masa daga ina ya fito. Aka aiki mutum gona. Ya dawo yana girgiza kai.

Washegari ban taɓa ganin jakuna da yawa haka ba. Wanda ba shi da jaki ya ɗauka da kwando, mata na cikawa daga cikin gida, yara na kaiwa. Kafin hantsi ya yi zafi babu juji ko ɗaya a bakin hanyar unguwarmu, har an share wurin. Duba-gari ya iso da tifa ya tsaya yana kallo, ya ce bai taɓa ganin unguwa mai bin doka irin tamu ba, zai kai sunanta gaba. Tifa ta tafi da gwangwanaye da fasassun kwalabe da wata tsohuwar tabarma.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, don har yanzu ban gane rabin abin da na gani ba. Na dai san yanzu cewa abin da wani ke kira ƙazanta, abincin wani ne na baɗi, kuma masu yanke shawara a majalisa daga kan hanya suke kallon gari, mu kuwa daga cikin gida. Na kuma koyi cewa in mai kaki ya yi tambaya, a ba shi amsa daidai tsawon tambayar.

Jujinmu bai dawo ba. Maƙwabta, kowa da ya wuce ta gonarmu ya juye mangala ɗaya daga nasa, abin ya isa rabin gona ta gangare. Rabin tudu haka muka shuka shi ba taki da ruwa ya sauka. An kawo mana koriyar ganga kyautar tsafta, kakata na zuba gero a ciki. Sabon juji yana cikin gida bayan turken awaki, inda ba a gani daga hanya, kuma ni na tara shi har ranar da hutu ya ƙare.